Kishin Arewa Ba Ya Buƙatar A Zagi Kowa: Nasiha Ga Matasan Zazzau

Matasan Zazzau, maza da mata, na cikin ganuwa da na Tudun Wada, na Sabon Gari da Samaru da Wusasa, assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma gara in faɗe shi yanzu tun ana zaune lafiya, domin ranar da ƙura ta tashi ba mai jin kira. Maganar ita ce irin kalaman da muke rubutawa a Facebook, muke faɗa a TikTok, muke turawa a zaurukan WhatsApp da sunan kishin Arewa, ko kishin Hausa, ko kishin addini.

Ba na cikin masu ganin laifin kishi. Wanda bai damu da halin da yankinsa yake ciki ba, ban san me zai damu da shi ba. Muna da abin kuka, kuma ba kaɗan ba. Manomi a Giwa da Birnin Gwari ya sha barin gonarsa saboda 'yan bindiga. A watan Yuni na 2021 har cikin Kwalejin Nuhu Bamalli aka shiga aka ɗauki mutane. Yaranmu da ba sa zuwa makaranta sun fi na kowane yanki yawa. Ɗan'uwanmu mai facin takalmi ko mai sayar da albasa a Kudu ana kiransa "aboki" cikin raini, kamar ba shi da suna. Duk wanda ya ce kada matashi ya fusata da waɗannan, bai yi masa adalci ba. Abin tambaya shi ne, a kan wa kake sauke fushin?

Ku tuna abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025, ana cikin azumi, saura kwanaki kaɗan Sallah. Mafarauta 'yan Arewa sun taso daga Fatakwal za su Kano su yi Sallah da iyalansu. 'Yan sintiri suka tare motar, suka ga bindigogin farauta, aka yi kururuwar masu garkuwa da mutane ne. Aka kashe mutum 16. Babu wanda ya tsaya ya tambaye su sunayensu ko ya kira wani ya ba da shaidarsu, domin tun kafin motar ta iso an riga an gama shari'ar a zukatan mutane. An shekara da shekaru ana maimaita musu cewa duk wanda ya fito daga Arewa, da irin wannan kama da irin wannan harshe, mai laifi ne. Mun yi kuka, kuma kukanmu yana kan hanya. Haka muka yi kukan matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba a Jos a watan Agusta na 2021, da na 'yan kasuwarmu a Shasha ta Ibadan a farkon shekarar.

To amma, ƙanina, ka buɗe wayarka ka duba abin da kai ka rubuta a makon da abin ya faru. Idan a ciki akwai "duk halinsu ɗaya", ko "mu ma muna da nasu a nan", ko "a fara da na Sabon Gari", ka sani aikin da aka yi wa mutanen Uromi kafin su ɗauki makami, shi kake yi wa naka mutanen. Kana share fagen da wata rana wani zai tare mota a Kwangila ko Ɗanmagaji ya ce kowa ya fito ya faɗi sunansa.

Ban san ko kun taɓa kasancewa a kasuwar Sabon Gari ranar da jita-jita ta shigo ba. Babu ƙarar bindiga, babu hayaƙi, amma sai ka ji ƙofofin shaguna ana jan su ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Mai sayar da kayan gyaran mota, Inyamurin da aka haifa a garin nan, wanda Hausarsa ta Zazzaganci ce tsantsa, zai rufe shago hannunsa na rawa, makullin ma ya ƙi shiga. Matar da ke sayar da manja za ta goya ɗanta ta bar canjin mai saye a kan tebur. A Samaru wayoyin ɗalibai za su yi ta ƙara, iyaye daga Binuwai da Inugu da Ilori suna cewa kada ka fita daga makaranta, wasu kuma tuni sun fara lissafin hanyar da ta fi kusa zuwa barikin soja. Ba su yi wa kowa komai ba. Abin da ya same su kawai shi ne su ne marasa yawa a nan, kuma wani da yake zaune a ɗakinsa ya tura saƙon murya na minti biyu. Wannan fargabar ita ce ɗan'uwanka yake ji a Onica ko Aba ranar da tasu jita-jitar ta tashi.

Garin nan ya ga abin da baki ke jawowa, ba labari aka ba shi ba. A 1966, bayan kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa a watan Janairu, zukata sun cika, kuma tsofaffi suna ba da labarin izgilin da wasu suka riƙa yi da mutuwar shugabannin, abin da ya ƙara wa wutar mai. Da Janar Ironsi ya fitar da doka ta 34 a watan Mayu ya soke tsarin jihohi na tarayya, ɗaliban jami'ar nan tamu ta Ahmadu Bello suna cikin waɗanda suka fara zanga-zanga, sai abin ya rikiɗe ya koma kisan Inyamurai a garuruwan Arewa. A watan Satumba wani labari ya fito daga rediyon Kwatano cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas, aka maimaita shi a Kaduna, kisan da ya biyo baya ya fi na farko muni. Dubbai suka mutu, mutane suka tsere gida, daga nan sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Waɗanda suka yi juyin mulkin sojoji ne ƙalilan. Waɗanda suka biya bashin teloli ne da makanikai da ma'aikatan jirgin ƙasa.

A watan Maris na 1987 rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan kan wa'azi, kafin a ankara an ƙona coci-coci da dama a Zariya. A 1992 rikicin kasuwar Zangon Kataf ya iso mana. A 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙidaya sama da mutum 800 da aka kashe cikin kwana uku a jihohin Arewa 12, kuma jiharmu ce ta fi ɗaukar kaso mai yawa. Ku lura da yadda abin ya kasance: a arewacin jihar Kiristoci aka bi, a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan Musulmi aka bi. Jiha ɗaya, mako ɗaya, kowane gefe ya waiwaya ya auka wa wanda ya fi shi rauni. Haka a ranar 17 ga Yuni 2012, da aka tayar da bam a coci a Sabon Gari da Wusasa da kuma Kaduna, kafin yamma an tare hanyar Abuja ana kashe Musulmi matafiya da ba su ma ji labarin abin da ya faru ba.

Kuma wane ne baƙo a Zariya? Gidajen sarautarmu huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, sunayensu kaɗai sun ishe ka sanin cewa daga wurare dabam-dabam aka taru. A Wusasa akwai Hausawa Kiristoci tun zamanin Baturen mishan Dakta Mila, cocinsu na ginin ƙasa yana nan tsaye tun wajejen 1929, a can Janar Yakubu Gowon ya tashi kafin ya shiga Kwalejin Barewa. A ƙauyukanmu akwai Maguzawa da suka riga da yawanmu zama a ƙasar nan. Jirgin ƙasa ya kawo Yarabawa da Inyamurai da Nufawa Sabon Gari fiye da shekara ɗari da suka wuce, jikokinsu ba su san wani gida ba sai nan. Sardauna ya kafa jami'a a Samaru a 1962, ta zama wurin da kusan kowace ƙaramar hukuma a Nijeriya take da ɗa. Abincin mai shago da mai Keke da mai gidan haya a Samaru daga hannun waɗannan yaran yake fitowa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a 'yan shekarun nan shi ne sabuwar wutar da ake hurawa tsakanin Hausa da Fulani. Sai ka ga yaro ɗan shekara ashirin, kakarsa ta wajen uwa Bafulatana ce, limamin unguwarsu Bafulatani ne, yana rubuta cewa Fulani duk 'yan ta'adda ne, a kore su. Wani kuma ya mayar masa da cewa Haɓe bayi ne. Ba wanda yake musun cewa da yawa daga cikin 'yan bindigar daji Fulani ne, su kansu shugabannin Fulani sun faɗa. Amma ku tambayi mutanen Zamfara yadda abin ya ƙazanta. Lokacin da 'yan sa-kai suka fara kama duk Bafulatanin da suka gani a kasuwa suna kashewa ba tare da bincike ba, wanda bai shiga daji ba ma sai ya shiga, ɗaukar fansa ta zama sana'a. Makiyayin da aka sace masa shanu, aka kashe masa ɗa, ya shigo gari neman tsira, shi ma ɗan tsiraru ne a tsakiyarmu. Idan ya zo kasuwar Giwa ya ji ana nuna shi da baki, ina kake so ya nufa?

Yanzu maganar doka. Na ga da yawa daga cikinmu suna cewa dokar kalaman ƙiyayya makirci ne na toshe bakin talaka, wasu kuma suna cewa a kawo ta a ɗaure 'yan Kudu masu zaginmu. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya.

Kare tsiraru da doka tsohon zance ne a ƙasar nan. Tun kafin 'yancin kai, a 1957, Turawa suka naɗa kwamiti ƙarƙashin Sir Henry Willink ya zagaya ya ji tsoron da ƙananan ƙabilu suke da shi game da manya. Bai ba da shawarar a ƙirƙiro musu jihohi ba, sai ya ce a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam cikin tsarin mulki. Daga nan babin haƙƙoƙi ya samo asali, har ya iso kundin 1999. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini. Sashe na 41 ya ce ɗan Nijeriya yana da damar zama duk inda ya ga dama a ƙasar. Sashe na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin haihuwa. Wannan sashe na 41 da ya ba Bayarabe damar zama a Muciya, shi ne ya ba Bahaushe damar zama a Sabo ta Ibadan da Agege. Shi ya sa lokacin da wasu ƙungiyoyin matasa suka taru a Arewa House a Kaduna ranar 6 ga Yuni 2017 suka ba Inyamurai wa'adin barin Arewa kafin 1 ga Oktoba, masu hankali suka kama kai. Da abin ya tabbata, miliyoyin namu da ke ci-rani da kasuwanci a Kudu su za su fara ɗanɗana kuɗarsa. Allah Ya taimaka aka janye wa'adin a watan Agusta.

Sashe na 39 ya ba ka 'yancin faɗin albarkacin bakinka, amma sashe na 45 ya ce ana iya taƙaita shi domin zaman lafiyar jama'a da haƙƙin wasu. Kuma dokokin suna nan, ba sai an ƙirƙiro ba. Dokar Penal Code ta Arewa ta daɗe da haramta tunzura ƙiyayya ga wani rukunin jama'a ta yadda zai jawo tashin hankali. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 26, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ko tarar naira miliyan 10 ga mai yaɗa cin zarafi ko barazana ga mutane saboda ƙabilarsu ko addininsu. Dokar zaɓe ma ta hana yaƙin neman zaɓe da kalaman da za su harzuƙa ƙabila ko addini. Wanda yake ganin abin da ya rubuta a waya wasa ne, ya san cewa a idon doka ba wasa ba ne.

A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na jihar Neja ya sake gabatar da ƙudirin kafa hukumar hana kalaman ƙiyayya, har da hukuncin rataya idan maganar mutum ta jawo asarar rai. Ƙasa ta ɗauki zafi, ƙudirin bai zama doka ba. Ni a ganina gara da bai wuce a yadda yake ba. Ma'anar laifin ta yi faɗi da yawa, kuma mun ga yadda aka yi da sashe na 24 na dokar intanet, wanda aka riƙa kama 'yan jarida da masu sukar gwamnoni da shi, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin magana, aka yi masa gyara a 2024. Dokar da aka ce an yi ta don kare mai rauni, idan aka bar ta sakaka, mai ƙarfi ne zai fara fakewa da ita. Ka ce gwamna ya gaza, ko sanata ya ci amana, ko shugaban ƙaramar hukuma bai gyara magudanar ruwa ba, wannan haƙƙinka ne, kuma kada ka yarda a razana ka. Gwamna ba ɗan tsiraru ba ne, yana da 'yan sanda a ƙofarsa. Matar nan mai manja ba ta da kowa.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ma'auni a birnin Rabat na Maroko a 2012 don bambance tunzurawa da magana mai ɗaci kawai. Ana duba halin da gari yake ciki lokacin da aka yi maganar, da matsayin mai maganar, da niyyarsa, da abin da ya faɗa da yadda ya faɗe shi, da iyakar inda maganar ta kai, da yiwuwar ta haifar da ɓarna. Ku auna kanku da wannan. Malamin da dubbai ke sauraro ba ɗaya yake da mai hira a teburin mai shayi ba. Mai mabiya dubu hamsin a TikTok ya fi gidan rediyon wani zamanin isa kunnen jama'a. A Ruwanda a 1994 gidan rediyon RTLM ya yi ta kiran Tutsi kyankyasai har aka kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100, kuma a 2003 kotun musamman ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan Ruwanda ta ɗaure masu rediyon da mai jaridar Kangura, alhali da baki da alƙalami suka yi nasu aikin.

Sai dai inda muke faɗuwa shi ne nan: muna son doka ta kama nasu, ta bar namu. Laifi tudu ne. Idan ɗan Kudu ya zage mu sai mu ce ina hukuma, idan namu ya ce a ƙona shagunansu aka kama shi, sai mu cika ofishin 'yan sanda da roƙo, mu ce an taɓa ɗan gwagwarmaya. Tsirarun ma ba sai na wata ƙabila ba. A watan Disamba na 2015 an yi abin da aka yi tsakanin sojoji da 'yan Shi'a a Gyallesu da Husainiyya, kuma jami'an gwamnatin jiha da bakinsu suka shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a Mando. Kana iya saɓa wa 'yan Shi'a a aƙida, kana iya jin haushin tare hanya, wannan daban. Amma na ga matasa suna murna a shafukansu, kuma a cikin gawarwakin akwai mata da yara 'yan garin nan. Ranar da ka yarda cewa akwai mutanen da jininsu bai da tsada saboda ba ka son su, ka ba da izinin da za a yi amfani da shi a kanka a wani gari.

Mu da muke cewa don addini muke yi, addinin bai bar mu cikin duhu ba. A Suratul Hujurat Allah Ya ce idan fasiƙi ya zo da labari a bincika, kada a cutar da mutane cikin jahilci a dawo ana nadama. A surar dai Ya hana wasu mutane yi wa wasu izgili, Ya hana jifa da sunayen banza, Ya ce an yi mu dangogi da ƙabilu ne domin mu san juna. A Suratul An'am Ya hana zagin abin da wasu suke bauta wa, kada su rama da zagin Allah. A Ma'ida Ya ce kada ƙin wasu mutane ya sa ku ƙi yin adalci. Da wani Muhajiri da wani Ba'ansare suka yi faɗa kowa ya kira danginsa, Manzon Allah (SAW) ya kira abin kiran jahiliyya, ya ce a bar shi domin abu ne mai wari. Ya kuma ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Wane ne a cikinmu bai taɓa danna tura saƙo ba tun bai gama karantawa ba? A watan Yuni na 2018, lokacin rikicin Barikin Ladi ta jihar Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook waɗanda binciken BBC ya gano wasunsu ba ma a Nijeriya aka ɗauka ba, kuma an kashe matafiya a kan hanya saboda fushin da suka tayar. A cikin wannan rikicin ne Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar Yelwa, dattijo mai shekara sama da tamanin, ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban masu makamai ya ƙi ba da su. In ana neman mai kishin addini da kishin Arewa, ga shi nan.

Zaɓe yana tafe, kuma kun san lokacin ne ake ɗaukar sojojin baka haya. Za a ba ka kuɗin data da dubu biyar a ce ka rubuta cewa wane ba namu ba ne, arne ne, ko baƙo ne. Wanda ya ba ka kuɗin 'ya'yansa suna Abuja ko Ingila, kuma bayan zaɓe za ka gan shi yana cin abinci da wanda ya sa ka zaga. Kai ne za ka ci gaba da zama layi ɗaya da maƙwabcinka. Magana zarar bunu ce, kuma ta waya ta fi muni, domin ko ka goge wani ya riga ya ɗauki hotonta.

Idan kai ne mai kula da zauren WhatsApp na 'yan ajinku ko na unguwa, nauyin yana wuyanka. Saƙon da ya ce "ku tura wa duk Musulmi" ko "ga abin da suke shirya mana", babu sunan gari, babu rana, babu wanda ya gani da idonsa, ka goge shi, ka kira wanda ya turo ka yi masa magana tsakaninku, kada ka kunyata shi a gaban jama'a. In ya maimaita ka cire shi, ko da yayanka ne. Wanda kuma ya fito fili ya ambaci unguwa ko shago ko coci ko ruga ya ce a far musu, wannan ya wuce nasiha. Ka adana abin da ya rubuta, ka kai wa mai unguwa ko hakimi, ka kai wa DPO, akwai kuma Hukumar Zaman Lafiya ta Jihar Kaduna da aka kafa a 2017 domin irin wannan. Idan aka kira shi ya amsa tambaya, kada ka shiga sahun masu zuwa roƙo don kawai sahunku ɗaya a masallaci.